Tambaya da Amsa: Gardamar waƙafi ta kusa haɗa ni da yayana

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam, da fatan an kammala girbi lafiya. Mu uku ne a wani ƙauye ta wajen Gagarawa muke haɗa manhajar intanet domin wata ƙungiyar masu sayen riɗi da zoɓo, waɗanda ke kai kaya kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Manhajar tana rubuta wanda ya kawo kaya, buhu nawa, tiya nawa, nawa aka ba shi kafin alƙalami, nawa ya rage masa. Da harshen kwamfuta na JavaScript da React, kayan gina fuskar shafi, muke aikin. Ni a Kazaure na yi karatu, abokina a YouTube ya koya da wayarsa, na ukunmu kuwa yayana ne, ɗan wan mahaifina. Ya girme ni da shekara tara, kuma shi ya fara ɗora hannuna a kan kwamfuta. Shi Yaya tazara huɗu yake bari a farkon layi, ni biyu. Shi yana rufe kowane layi da waƙafi mai ruwa, abokina ba ya sawa sam. Duk wanda ya buɗe fayil ɗin ɗan uwansa sai ya mayar da shi irin salonsa, sai ka ga Git, manhajar da ke ajiye tarihin canje-canjenmu, ya nuna layi ɗari uku sun canza alhali layi biyu kawai aka je gyarawa. Makon jiya na ga kuskure a aikin Yaya, amma da yake mun riga mun yi sa-in-sa a kan tazara, sai na ji nauyin in sake yi masa magana. Ina jin ana ambaton ESLint da Prettier da ƙa'idojin rubuta JavaScript na kamfanin Airbnb. Wanne za mu ɗauka, kuma a cikinmu wa ya kamata ya zaɓa?

Daga wani mai karatu, Gagarawa, Jihar Jigawa.

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Girbi alhamdu lillahi, gero ya yi kyau ta wajenmu, wake ne dai ya ɗan ba mu wahala.

Na karanta wasiƙarka sau biyu a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu, domin nan ne kaɗai sabis ke tsayawa da yamma. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kuskuren nan da ka gani ka yi shiru. Kuɗin mutane ne a cikin manhajar nan. Wanda ya shuka riɗi, ya yanka, ya jingine shi ya bushe, ya kakkaɓe, ya ɗora a amalanke, bai san wata tazara biyu ko huɗu ba. Abin da ya sani shi ne ranar Alhamis da la'asar a miƙa masa cikon kuɗinsa daidai. Idan gardamar tazara ta cinye muku fuskar da za ku kalli juna da ita ku ce "nan akwai gyara", to ta riga ta yi muku tsada.

Abu biyu kuka zuba a ƙwarya ɗaya, sai an raba su. Na farko kamannin rubutu: tazara nawa, a ina layi zai karye, waƙafi ko babu, alamar zance guda ko tagwaye. Na biyu lafiyar rubutun: ko an kira wani suna da ba a taɓa ƙirƙira ba, ko an gwada abubuwa biyu ta hanyar da za ta yaudari mai rubutu. Ka ɗauki gona. Miƙe kunya aikin garma ne, kuma gero ba ya ƙin fitowa don kunya ta ɗan karkace. Amfanin miƙewarta shi ne mai noma ya bi layi ba tare da ya sare shuka ba. Wuta-wuta kuwa ita ke kashe gero a tsaye, ita kuma sai da idon mai zaga gona. Prettier shi ne garmar. ESLint shi ne mai zagawa yana duba gindin shuka.

Irin wannan mai zagawa linta ake ce masa. Sunan ya samo asali daga wata manhaja mai suna lint da Stephen Johnson ya rubuta a Bell Labs ta Amurka a 1978 domin duba rubutun harshen C, ma'anar kalmar kuwa ɓurɓushin zaren nan da ke maƙalewa a jikin tufa. A ɓangaren JavaScript, Douglas Crockford ya fitar da JSLint a 2002, mai tsauri, wanda bai cika barin mutum ya yi zaɓi ba. Wasu suka gaji, suka tsago JSHint daga jikinsa. Sai Nicholas Zakas ya zo da ESLint a 2013, inda kowace doka take da makunninta: ka kunna, ka kashe, ko ka rubuta taka. Wannan 'yanci ne ya sa ya karɓu, shi ne kuma ya buɗe ƙofar irin rigimarku, domin an yi shekaru ana cakuɗa dokokin kamanni da na lafiya a fayil guda, kowane kamfani da nasa kundin. Prettier, wanda James Long ya fitar a farkon 2017, ya zo da wata dabara daban. Shi ba ya yi maka gargaɗi. Kwashe rubutunka yake yi ya sake jera shi daga tushe, yadda ko wa ya rubuta, abu ɗaya zai fito. Su kansu masu kula da ESLint, a ƙarshen 2023, sun sanar da cewa sun janye hannu daga dokokin kamanni, suka ce a nemi kayan aikin da aka ƙera domin hakan.

To wa zai zaɓa a cikinku? Babu ko ɗaya. Ku ɗauki Prettier yadda ya zo daga hannun masu shi: tazara biyu, faɗin layi haruffa 80, waƙafi mai ruwa a ƙarshen jimla, alamar zance tagwaye. Ka duba da kyau, kai ka sami tazararka, Yaya ya sami waƙafinsa, abokinka kuma ba sai ya buga waƙafi da yatsansa ba, inji zai sa masa duk sanda ya adana fayil. Kada ku buɗe fayil ɗin saiti ku fara ciniki, domin kowane makunni kuka taɓa, sabon musu kuka haifa. A kan waƙafin ma ina bayan Yaya. JavaScript yana ƙoƙarin cike waƙafin da aka bari da kansa, amma idan layi na gaba ya fara da baka, sai ya haɗe shi da na sama ya karanta su a matsayin abu guda. Wanda ya ƙware ya san yadda zai kauce wa wannan, mai koyo kuwa zai iya ɓata wuni guda bai gane abin da ya faru ba.

Alamar zance tagwaye tana da wani amfani da ya shafe mu musamman. Hausa cike take da hamza: jama'a, sana'a, ma'aikaci, sa'a, 'ya'ya. Idan ka kewaye jimla da alama guda, da ta iso kan hamzar "jama'a" sai kwamfuta ta ɗauka nan zancen ya ƙare. Kundin Airbnb da wani kundin mai suna Standard duk alama guda suka zaɓa. Sun yarda ka koma tagwaye idan akwai hamza a ciki, amma a manhajar da ke magana da Hausa jimloli masu yawa ke nan, sai fayil ya koma wake da shinkafa. Haka nan, da yake React kuke yi, za ku iya cin karo da wata doka mai suna react/no-unescaped-entities, wadda za ta ja layi a ƙarƙashin kowace hamza da kuka rubuta a fuskar shafi, ta ce ku musanya ta da wasu alamomi. Dokar ba ta dace da harshen da "ma'auni" da "Jumma'a" suke kalmomin yau da kullum ba. Ku taƙaita ta ta daina kama hamza, ko ku kashe ta. Abin da ya fi, ku tattara duk jimlolin Hausa da mai amfani zai gani a fayil guda, yadda ko malamin Hausa na sakandaren garinku zai iya duba muku su ba tare da ya san JavaScript ba.

Kundin Airbnb kuwa, ka karanta shi kamar yadda ake karanta littafi, akwai ilimi a cikinsa. Sai dai ban ba ku shawarar ku ɗora shi dungurungum a kan aikinku ba. An ɗinka shi ne domin kamfani mai injiniyoyi da yawa, an daɗe ba a sabunta shi ba, kuma da tsohon tsarin saitin ESLint aka rubuta shi. Tun da aka saki ESLint na 9 a watan Afrilun 2024, fayil ɗin saiti ya koma eslint.config.js. Ka faɗa wa abokinka ya riƙa duba shekarar bidiyon da yake kallo. Duk wanda ya ga ana buɗe fayil ɗin .eslintrc a cikinsa, tsohon yayi ne, zai ƙona datarsa a banza. Ku fara da jerin dokokin da ESLint da kansa ya ba da shawararsu. Ku ƙara na react-hooks, domin su suna kama kurakuran gaske. A can ƙarshen saiti ku sa eslint-config-prettier, wanda aikinsa kawai ya rufe bakin duk dokar da za ta yi jayayya da Prettier. Daga nan sai ku ƙara biyu da hannunku, eqeqeq da curly, domin ba sa cikin jerin farko.

Ta farkon ina da labari a kanta, kuma har yau ban daina jin nauyinsa ba. Shekarun baya na yi wa wata ƙungiyar manoma ta wajen Ringim manhajar bashin taki. A kan ba mutum buhu biyu ko uku da damina, ya biya da kaka. Na rubuta layi guda: idan ragowar bashi == 0, a nuna "ya biya". Magatakardan ƙungiyar, wani dattijo mai buga rubutu da yatsa ɗaya, ya shigar da sunayen mutum shida ya bar gurbin bashinsu babu komai, da niyyar ya cike idan ya duba littafinsa. A JavaScript, alamar daidai guda biyu tana ɗaukar rubutun da babu komai a cikinsa daidai da sifili. Manhaja ta manna wa mutum shidan nan koren tambari. Ran wata Lahadi da yamma, bayan an dawo daga kasuwar Gujungu, aka karanta sunayensu a taron ƙungiya, aka sa musu albarka. Bayan mako biyu lissafi ya ƙi haɗuwa, aka fara yi wa dattijon nan wani irin kallo. Na same shi zaune a kan tabarma a zauren shugaba, ya buɗe littafinsa mai bangon leda a kan cinya, yana bin layi da yatsa, yana rantsuwa bai karɓi sisin kowa ba. Hannunsa yana rawa. Mutumin da ya shekara talatin ana ba shi ajiya a garin.

Kwana na yi a kan kwamfuta da fitilar waya kafin na gano layin. Da safe na je gaban shugabanni na ce laifin rubutuna ne, na nemi gafararsa. Ya yafe mini, amma bai ƙara yarda ya taɓa manhajar ba sai da jikansa a gefe. Dokar eqeqeq tana hana alamar daidai guda biyu, ta tilasta maka guda uku, waɗanda ba sa yarda rubutu ya zama lamba a ɓoye. Ba ita za ta rubuta mini gyaran ba, domin ko ka juya gurbin da babu komai zuwa lamba da hannunka, sifili zai ba ka. Dole sai ka fara tambaya ko an cike gurbin ma tukuna. Amma da ta tsayar da ni a kan layin nan tun ranar da na rubuta shi, ta sa na yi wa kaina wannan tambayar.

Ita kuma curly cewa take duk wani "if" sai an kewaye abin da ke ƙarƙashinsa da baka mai lanƙwasa, ko da layi ɗaya ne. Kada ka raina ta. A watan Fabrairun 2014 kamfanin Apple ya yi gaggawar toshe wata ɓaraka a iPhone da kwamfutocinsa, wadda aka fi sani da "goto fail". Layi ɗaya ne ya maimaitu sau biyu a ƙarƙashin wani "if" marar baka. A ido, tazarar ta nuna kamar duka biyun suna ƙarƙashin sharaɗin, alhali na biyun yana aiki ko da yaushe, sai ya zama ana tsallake wani mataki na tantance sa-hannun shafin da aka shiga. Idan hakan ta faru da su, ku uku a ƙauye da batirin da ke shirin mutuwa ba ku fi ƙarfinta ba.

Idan wata rana kuka koma TypeScript, wani harshe da aka gina a kan JavaScript, ku kunna no-floating-promises. A wurin da intanet ke ɗaukewa yana dawowa irin namu, mantawa da "await" guda kan sa manhaja ta ce "an adana" tun saba, wato kwamfutar da ke karɓar bayanan ta intanet, ba ta amsa ba, mai riɗi ya tafi gida, sunansa bai shiga ba.

Akwai abin da linta ba zai taɓa gani ba. Bai san tiya nawa ce a buhun riɗi a Maigatari ba. Bai san kafin alƙalami cirewa ake yi ba ƙarawa ba. Ba zai hana ku ajiye kuɗi da ɗigo ba, alhali a JavaScript 0.1 da 0.2 in ka haɗa su 0.30000000000000004 suke bayarwa, shi ya sa nake ajiye kuɗi a kwabo, lamba cikakkiya, sai wajen nunawa in mayar da shi naira. Waɗannan sai mutum ya karanta aikin ɗan uwansa. Nan ne kuma ribar da na fi so ku samu take. Mu mutane ne masu jin nauyin na gaba da mu, kuma ba na so ka yar da wannan tarbiyya. Sai dai ƙane yana da iyakar sau nawa zai ce wa yayansa "gyara nan" a mako kafin zama ya yi tsami. Inji ba shi da wa, ba shi da ƙane, jan layin da zai yi wa Yaya shi zai yi maka. Idan ya ɗauke muku ƙananan gyare-gyare, 'yar damar da ta rage maka sai ka kashe ta a kan abin da ya shafi kuɗin mutane.

Kada ka je wa Yaya da cewa an ce salonsa ba daidai ba ne. Ka same shi bayan sallar isha, ka ce kana so ya jagoranci kafa muku tsari guda, shi zai buga umarnin, shi zai ajiye canjin a Git da sunansa. Kuskuren nan na makon jiya kuwa, a wannan zaman za ka nuna masa shi. Ka buɗe layin ka ce, "Yaya, duba mini nan, ban gane yadda yake aiki ba." Shi ya koya maka kwamfuta, zai gani.

Tambaya:

Malam, barka da aiki. Ina koya wa 'yan mata kwamfuta a Kura, kuma muna yi wa ƙungiyar mata masu turara shinkafa manhajar adashi da harshen Python da Django, kayan gina shafin intanet. Ɗalibaina suna tambaya ko sunayen da muke raɗa wa abubuwa a cikin kod za su iya zama na Hausa. Wasu har da ƙ da ɗ suke sawa, kuma na ga yana aiki. In bar su?

Daga wata malama, Kura, Jihar Kano.

Amsa:

Barka kadai Malama, Allah ya saka da alheri a kan wannan aiki. Ke kin huta da rabin gardamar mai tambaya na sama, domin Python yana da kundinsa tun 2001, wato PEP 8, wanda Guido van Rossum, mai harshen, yake cikin marubutansa: tazara huɗu, layi kada ya wuce haruffa 79, sunaye da ƙananan baƙaƙe ana haɗa su da layin ƙasa, kamar adadin_buhu. A JavaScript kuwa salon tozon raƙumi ake yi, adadinBuhu. Garmarku ita ce Black, wadda ta fito a 2018 kuma take barin layi ya kai haruffa 88, ko Ruff, wanda ya haɗa jerawa da dubawa a jiki guda kuma yana da sauri ƙwarai, abin da tsohuwar kwamfutar aji za ta ji daɗinsa.

Sunayen Hausa kuwa, ki bar su a inda abin na Hausa ne. Adashi, zubi, kwasa, uwar adashi, tiya, kwano, buhu: waɗannan kalmomi suna ɗauke da dokokin abin a cikinsu. Yarinyar da ta ga "zubi" ta san na kowane mako ne, ta san wanda bai zuba ba ba ya kwasa, domin ta ga mahaifiyarta tana yi. Idan kika tilasta mata ta nemo kalmar Turanci, ɗaya za ta ɗauko wata, ɗaya ta ɗauko wata, ma'anar ta zube a hanya. Abubuwan da suka zo da harshen da kuma Django, ki bar su da sunayensu na asali, domin da su za a nemi taimako a intanet ran da aka maƙale.

Baƙaƙe masu ƙugiya ne ban yarda a sa a cikin sunaye ba. Gaskiya ne Python 3 da JavaScript duk suna karɓarsu. Matsalar tana wajen maɓallan rubutu: wata tana da ɗ a kwamfutarta, wata ba ta da shi, sai ɗaya ta rubuta kuɗi, ɗaya ta rubuta kudi, kwamfuta ta ɗauke su abubuwa biyu daban, ido kuma da ƙyar ya raba su a ƙaramin allo. Pylint, lintan Python, yana da doka mai suna non-ascii-name da ke kama wannan, a ESLint kuma ana iya yin hakan da id-match. Sai dai cire ƙugiya ma yana da nasa tarkon, kin fi ni sani: ƙasa da kasa, ƙafa da kafa, faɗa da fada. A harkar shinkafa, wadda ta yi ɓari da wadda aka bari duk "bari" za su koma. Inda hakan ta taso ki canza kalmar gaba ɗaya, ki ce asara da ragowa. Ki buɗe ɗan fayil guda ki jera kalmomin da kuka amince da su da ma'anarsu, duk sabuwar ɗaliba ta fara da karanta shi.

Abin da matan za su gani a fuskar waya kuwa, wannan dole a rubuta shi da cikakkiyar Hausa, ƙugiya da hamza duk a wurinsu. Ki tabbatar fayilolinku da rumbun bayananku suna kan UTF-8, tsarin adana haruffa da ya san baƙaƙe masu ƙugiya, in ba haka ba wata rana za ki ga sunan wata baiwar Allah ya koma alamar tambaya. A wajen neman suna kuma ki sa manhajar ta yi sassauci, wanda ya buga "Danladi" ya sami "Ɗanladi".

Tambaya:

Na gaji manhajar wata makaranta mai zaman kanta daga wanda ya bar aikin. Da na kunna ESLint sai ya zubo mini gargaɗi sama da dubu biyu. Na kashe shi, amma raina bai kwanta ba. Ga shi da sola nake aiki, data kuma da kuɗina nake saya.

Daga wani mai karatu, Dambatta, Jihar Kano.

Amsa:

Ɗan uwa, rashin kwanciyar ran nan daidai ne, amma kada ka ce za ka nome gonar nan a wuni guda. Mafi yawan dubu biyun nan na kamanni ne, garma za ta share su cikin daƙiƙoƙi. Ka zaɓi lokacin hutu, ba makon da ake shigar da sakamakon jarrabawa ba. Ka bi duk fayilolin da Prettier, ka ajiye wannan canji shi kaɗai a Git, kada ka haɗa shi da gyaran ko layi ɗaya. Dalili kuwa, idan wani abu ya lalace gobe, kana so ka iya cewa ba daga wannan ba ne. Wannan babban canji zai sa sunanka ya hau kan kowane layi, ya binne tarihin wanda ya rubuta me. Tun daga Git 2.23 na 2019 akwai maganin hakan: ka sa lambar canjin a fayil mai suna .git-blame-ignore-revs, ka nuna wa Git shi, sai ya riƙa tsallake shi idan kana bin diddigin layi. Idan da harshen PHP aka rubuta ɓangaren manhajar da ke kan saba, kamar yadda na makarantu da yawa suke, ƙa'idar da aka fi bi ita ce PSR-12, kuma masu amfani da Laravel, kayan aikin PHP, suna da Pint da ke yi musu irin aikin Prettier.

Kafin ka yi, ka duba ƙarshen layi. Windows da Linux ba iri ɗaya suke rufe layi ba, kuma wannan kaɗai kan sa Git ya ce duk fayil ya canza alhali ido bai ga komai ba. Prettier tun daga na 2.0 salon Linux yake bi. Ka rubuta hakan a .gitattributes da .editorconfig domin duk wanda ya zo bayanka ya tarar da shi a shimfiɗe.

Abin da ya saura bayan garma ta wuce shi ne na dubawa. Ka fara da no-undef, domin sunan da aka kira ba a ƙirƙira ba yakan zama fashewa a hannun mai amfani. Sai eqeqeq, amma a tsohon aiki kada ka canza su a makance. Wani layin da wannan sassaucin ya dogara ba tare da mai shi ya sani ba, misali lambar ɗalibi da ta zo daga fom a matsayin rubutu ana gwada ta da lamba. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, ka fara da fayilolin kuɗin makaranta da na maki. Sauran dokokin ka bar su a matakin gargaɗi, duk wadda ka gama sharewa ka ɗaga ta zuwa matakin kuskure don kada ta dawo. Da wasu ƙananan kayan aiki biyu, husky da lint-staged, za ka iya sa dubawar ta tsaya a kan fayilolin da ka taɓa kawai a duk sanda za ka ajiye canji, wanda ya fi sauƙi ga batir.

Game da data, sauko da waɗannan kaya sau ɗaya ake yi, daga nan a cikin kwamfutarka suke aiki, ba sa buƙatar intanet. Ka ɗaure Prettier a kan lamba guda takamaimai a package.json, kamar yadda masu shi da kansu suke ba da shawara, domin sabon fitowa kan ɗan canza yadda yake jera layi. Idan kuma ka iso layin da ka tabbata doka ce ta yi kuskure ba kai ba, ESLint ya yarda ka kashe ta a kan wannan layin kaɗai da eslint-disable-next-line. Ka sa jan layi biyu a bayan sunan dokar ka rubuta dalilinka, da Hausa ma in ka so, domin wanda zai gaji manhajar daga hannunka ya san abin da ka gani a wurin.